Zumunta A Ƙafa Take: Da Keke A Kan Duwatsun Iyakar Gana Da Togo

Duk wanda ya taɓa shiga motar Hohoe daga Ankara ya ga duwatsun nan. Da an haye gadar Adomi, an wuce Asikuma, sai su fara bayyana kore shar, suna bin mota kamar bango har a sauka a tasha. Mafi yawanmu mutanen zango iyakar saninmu da su ke nan, wato ta tagar mota, a kan hanyar zuwa biki ko suna ko ta'aziyya a zangon Kpando ko na Hohoe. Mu je mu dawo ba mu san sunan ƙauye ɗaya daga cikin waɗanda ke bisa duwatsun ba, balle mu san harshen da ake yi a can.

Alhali kuwa a tsakanin waɗannan duwatsu akwai ƙananan hanyoyi masu shiru, inda mutum zai yi tafiyar rabin sa'a bai gamu da mota uku ba. Wasu da kwalta, wasu birji. Suna ratsa gonakin koko da na ayaba, su hau tudu, su gangara kwari, su haɗa ƙauye da ƙauye har bakin iyakar Togo. Baƙi daga Turai da Amurka sukan biya kuɗin jirgi su zo su bi su da keke. Mu da muke zaune a ƙasar, kuma kakanninmu suka bi ta wannan yanki da kaya a ka, mu ne muka fi cancanta mu san su. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka kawo wa mai karatu bayanin hanyoyin, da tarihin da ke kwance a gefensu, da kuma shirin da ya kamata mai keke ya yi.

Ƙasar Da Tuta Uku Suka Kaɗa A Kanta

Jerin duwatsun ya taso ne tun daga kusa da Ankara, ya bi ta Akwapim, ya haye kogin Volta, ya miƙe arewa maso gabas ya ratsa Togo har cikin Jamhuriyar Benin, inda ake ce masa Atakora. Sashen da muke magana a kai shi ne wanda ke tsakanin Ho da Hohoe a gefen Gana, da kuma Palime a gefen Togo. Mafi yawan mazauna kwari mutanen Ewe ne, waɗanda tarihinsu na baka ya ce sun fito daga Notsie, wani gari mai ganuwa a Togo ta yanzu, don gudun zaluncin wani sarki mai suna Agokoli. A bisa duwatsun kuwa akwai ƙananan ƙabilu da yawa, masu harsuna dabam-dabam: Avatime, Logba, Tafi, Nyagbo, Likpe, Santrokofi, Akpafu da Lolobi. Mai keke yana iya ƙetare harshe uku tsakanin hantsi da azahar.

Ba banza mutane suka hau dutse suka zauna ba. Zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, dutse shi ne ganuwar wanda ba shi da runduna. A 1869 mayaƙan Asante a ƙarƙashin Adu Bofo suka haye Volta suka afka wa wannan ƙasa, suka ƙone garuruwa da dama, har da tashar 'yan mishan ta Ho. Tsofaffin ƙauyuka har yanzu suna ba da labarin yadda aka gudu bisa duwatsu a wancan lokaci.

Sa'an nan Turawa suka zo. A watan Yuli na 1884 wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ƙulla yarjejeniya a bakin teku, aka kafa mulkin mallakar Jamus a Togo. Sannu a hankali Jamusawa suka hauro arewa. A 1890 suka kafa bariki a Misahohe, bisa dutsen da ke kallon Palime, daga baya suka kafa wani a Kete Karaci. A lokacin Ho da Kpando da Hohoe duk ƙasar Jamus ce, domin kogin Volta shi ne iyaka a wani dogon sashe. A 1907 layin dogo daga Lome ya iso Palime.

Mulkin nasu bai wuce shekara talatin ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914, sojojin Ingila daga yamma da na Faransa daga gabas suka shiga Togo, burinsu su kama babbar tashar wayar iska ta Kamina, kusa da Atakpame. Ran 26 ga watan Jamusawa suka miƙa wuya, bayan sun fasa tashar da hannunsu. Wani soja mai suna Alhaji Gurunshi, na rundunar Gwalkwas, shi ne tarihi ya rubuta a matsayin sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a wannan babban yaƙi, kuma a ƙasar Togo ya harba ta.

A 1919 Ingila da Faransa suka raba ƙasar biyu. Lome da Palime, waɗanda Ingilishi suka riƙe tun farkon yaƙi, suka koma hannun Faransa a 1920. Ho da Kpando da Hohoe suka zauna a hannun Ingila. Layin da aka ja a wancan lokaci shi ne iyakar da muke gani yau, kuma ya bi ta tsakiyar dangi, ya bar mutum a gefe ɗaya gonarsa ko ƙanen mahaifinsa a ɗaya gefen. Ran 9 ga Mayu 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido aka yi ƙuri'ar raba gardama a sashen Ingila. Kimanin kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da Gwalkwas, ko da yake a gundumomin Ho da Kpando masu son rabewa ne suka fi yawa. Da haka yankin ya shiga Gana ran 6 ga Maris 1957. Togo ta sami nata 'yancin ran 27 ga Afrilu 1960.

Sawun Fatake

To, ina Bahaushe a cikin wannan labari? Yana ciki tun kafin a ja layin. Kowa ya san fataucin goro zuwa Gwanja, da kasuwar Salaga inda ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke sauke tufafi da kanwa da fatu su ɗauki goro. Gaskiya kuma ita ce a wannan kasuwa har da bayi ake sayarwa, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan in muna ba 'ya'yanmu labari ba. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watse, da yawa suka gangaro Kete Karaci a bakin Volta. Jamusawa suka yi maraba da su, domin suna son ciniki ya karkata ta ƙasarsu zuwa Lome. Hanyar kuwa ta Kpando take bi, ta haura duwatsu ta wajen Misahohe, ta gangara Palime. Zangon da fatake ke sauka su kwana shi ne ya zama unguwa, unguwar kuma har yau ba ta canja suna ba.

Cikin waɗanda suka koma Kete Karaci akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zama limamin garin, ya rasu a can a 1934. Malami ne mai rubutu da Larabci da ajami, kuma shi ne ya karantar da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Tsohon garin da ya zauna a ciki yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika, aka mai da mutane sabon mazauni.

Duk da wannan daɗewa, ɗan zango bai daina jin ana ce masa baƙo ba. Iyayenmu ba su manta da dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969, zamanin gwamnatin Busia, ba. Mutanen Hohoe kuma ba su manta da watan Yuni na 2012 ba, lokacin da saɓani kan binne limamin zango ya zama tarzoma tsakanin matasan zango da 'yan gari, aka yi hasarar rayuka da dukiya, sai da aka kafa dokar hana fita. An sasanta, alhamdu lillahi. Amma abin lura shi ne, mutane suna iya yin shekara ɗari suna cin kasuwa ɗaya ba tare da ɗaya ya taɓa taka ƙofar gidan ɗaya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mota ba ta tsayawa a yi gaisuwa, keke kuwa dole ne ya tsaya, ko don neman ruwa, ko don tambayar hanya, ko don tudu ya fi ƙarfin mai shi.

Hanya Ta Farko: Daga Ho Zuwa Amedzofe

Ya fi kyau a sa keke a bisa mota daga Ankara zuwa Ho, tafiyar kimanin kilomita 160, a kwana a can, a fara da asuba. Ho ita ce hedkwatar Jihar Volta, tana da zango da masallatai da masu gyaran keke, saboda haka nan ne wurin duba birki da sarƙa karo na ƙarshe.

Daga Ho zuwa Amedzofe bai kai kilomita arba'in ba, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Tun a bakin gari hanya take fara hawa, ta ƙetare tudun da ke arewa da Ho, sa'an nan ta sauka cikin kwari mai ni'ima, ta bi ƙauyuka har mararrabar Dzolokpuita. Wannan sashe yana da daɗin tuƙi: iska mai sanyi, itatuwan kwakwar manja, mata da itace a ka, yara 'yan makaranta suna ɗaga hannu. A mararrabar, hanya ɗaya ta nufi Kpedze da bakin iyaka, ɗaya kuma ta nufi Vane, babban garin ƙasar Avatime. Ita za a bi.

Daga nan ne aikin yake. Hanya tana naɗewa kamar maciji a jikin dutse, kwana bayan kwana. Wanda kekensa ke da giya ya sauko zuwa mafi sauƙi tun kafin ƙafa ta yi nauyi, ya zauna daram a sirdi, ya riƙa juya feda a hankali. Wanda ke da irin tsohon keken nan mai giya ɗaya ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. Daga Vane akwai sauran 'yan kilomita kaɗan zuwa Amedzofe, su ne kuma suka fi tsanani.

Amedzofe yana kimanin mita 700 bisa teku, shi ya sa ake ce masa garin da ya fi kowane bisa a Gana. Da dare akan nemi bargo. 'Yan mishan na Bremen, daga ƙasar Jamus, sun zauna nan tun ƙarshen ƙarni na 19 saboda sanyin wurin, kuma har yanzu akwai gine-ginen duwatsu da suka bari, da kwalejin horar da malamai. A gefen gari akwai tsaunin Gemi, da wani babban gicciyen ƙarfe a ƙolinsa. Tafiyar ƙafa ce ta ƙasa da sa'a guda. In gari ya yi garau, daga can ana hango tafkin Volta yana ƙyalli a yamma, duwatsun Togo kuma a gabas. Mutanen Avatime suna noma wata jar shinkafa a jikin dutse, suna kuma yi mata biki duk shekara wajen watan Nuwamba, wanda suke kira Amu.

Hanya Ta Biyu: Gangara Zuwa Tafi Da Kpando

Kashegari sai a koma Vane, a ɗauki hanyar da ta bi ta wajen Biakpa ta gangara Fume. A nan ne ake gane cewa gangara ta fi hawa haɗari. Kada a riƙe birki gaba ɗaya tun daga sama har ƙasa, domin roba tana zafi ta daina kamawa. A riƙa matsawa ana saki, a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a kuma fi dogara da birki biyu tare maimakon na gaba kaɗai. Tsakuwa takan taru a bakin kwana bayan ruwan sama, awaki kuma ba su san dokar hanya ba.

A Fume za a faɗa babbar hanyar gabas, wadda ta taso daga Tema ta bi ta Hohoe da Nkwanta har Yendi. Ita ce hanyar manyan motocin doya da na gawayi, kuma ita ce mai keke ya kamata ya guje wa iyakar iyawarsa. Sa'a ɗaya, ɗan guntu kawai za a bi zuwa Logba Alakpeti, inda wata ƙaramar hanya ta ratse yamma zuwa Tafi Atome, tafiyar kimanin kilomita biyar.

Tafi Atome ya yi suna ne saboda birai. Tun kaka da kakanni mutanen garin suna girmama wani irin ƙaramin biri mai farin ƙirji da ke zaune a kurmin bayan gari, ba su kashe shi. Da al'adar ta fara rauni, aka fara sare kurmin, sai a 1993 aka mai da wurin gandun da jama'ar gari ke kula da shi, baƙo ya biya kuɗi kaɗan a kai shi ya gani. Da sassafe ko da la'asar biran suke saukowa, har su karɓi ayaba a hannun mutum. Kusa da nan akwai Tafi Abuife, ƙauyen masaƙa, inda kusan kowane gida ake jin ƙarar masaƙar kente. Duk wanda ya san saƙar fari ta ƙasar Hausa zai ga 'yar uwarta a nan: siririn ƙyalle ne ake saƙawa, sa'an nan a ɗinke shi gefe da gefe ya zama zane.

Daga nan a koma babbar hanya zuwa Golokwati, a juya yamma ta Gbefi zuwa Kpando. Ƙasar ta fi kwanciya a wannan sashe, ƙafa za ta huta. Kpando tsohuwar kasuwa ce, tana da zango mai tarihi, tana kuma da mata maginan tukwane da suka shahara. Wanda ke da sauran ƙarfi ya gangara Torkor, bakin tafki, ya ga kasuwar kifi da jiragen fito. A zangon Kpando ya kamata matafiyi ya nemi dattawa ya gaishe su, ya tambaye su daga ina kakanninsu suka zo. Irin wannan labari yana tafiya tare da masu shi, in ba a tambaya ba yau, gobe babu wanda za a tambaya.

Hanya Ta Uku: Gindin Afadja Da Ruwan Wli

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da iyaka, ita ce kuma ta fi shiru. Daga Golokwati a nufi gabas ta ƙauyukan Liati har Liati Wote, a gindin dutsen Afadja, wanda aka daɗe ana koya wa yara a makaranta cewa shi ne mafi tsawo a Gana. Keke ba ya hawansa. A ajiye shi a ofishin baƙi na ƙauyen, a ɗauki ɗan jagora, a hau da ƙafa. Daga ƙolinsa ƙauyukan Togo suna nan kusa kamar a kira mutum ya amsa. A wannan ƙauye kuma akwai hanyar ƙafa zuwa ruwan Tagbo, ta cikin gonakin koko da kofi.

Daga Liati Wote hanya ta bi gindin duwatsu ta Gbledi da Fodome zuwa Wli. Wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa, kuma damina takan sake mata kama, saboda haka a tambayi 'yan acaɓa halin da take ciki kafin a kama ta. Matambayi ba ya ɓata. A Wli ne rafin Agumatsa, wanda ya taso daga Togo, yake zubowa daga kan dutse hawa biyu, kuma shi ne ruwa mafi tsawon zubowa a Gana. Daga ƙauyen zuwa gindin ruwan tafiyar ƙafa ce ta wajen minti arba'in da biyar, ana ƙetare rafin sau da dama a kan ƙananan gadoji. A jikin dutsen dubban jemagu ne ke rataye. Daga Wli zuwa Hohoe kimanin kilomita ashirin ne, a can kuma akwai babban zango, da masallacin Juma'a, da tuwon zafi mai rai da lafiya.

Wanda ke da kwana na ƙari, arewa da Hohoe akwai Likpe Todome mai kogon dutse inda mutanen da suka ɓuya zamanin yaƙi, da Akpafu Todzi inda har yanzu ake nuna ramukan da aka haƙi tama, domin mutanen Akpafu tsofaffin maƙera ne. Waɗannan garuruwa sun koma sabuwar Jihar Oti, wadda aka kafa bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018. Masu ƙarfin zuciya kuwa suna iya miƙewa ta Jasikan zuwa Dambai, su haye kogin Oti a jirgin fito, su kai ziyara Kete Karaci. Wannan tafiyar kwanaki ce, ba ta sabon shiga ba.

Hanya Ta Huɗu: Ƙetarawa Palime

Ana iya shiga Togo ta Honuta, bayan Kpedze, a fito Palime. Ana kuma iya shiga ta Wli, a haura Yikpa zuwa tudun Danyi, sai dai wannan hawa ne na gaske. Palime tana da nisan kilomita 120 daga Lome, gari ne na koko da kofi da masu sassaƙa, yana da kasuwa babba da zango. Jirgin ƙasa ya daɗe da daina zuwa, amma zamanin da yake aiki har kokon da ake nomawa a wajen Hohoe ta nan yake bi zuwa bakin teku. Daga Palime a hau hanyar Kloto, wajen kilomita goma zuwa goma sha biyu na kwana-kwana a cikin kurmi, a tsaya a Misahohe a ga kufan barikin Jamusawa da maƙabartarsu. Kudu maso gabas da gari kuma ga dutsen Agu, mai tsawon mita 986, wanda ya fi kowane a Togo.

Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Gana damar shiga Togo ba tare da biza ba har kwana 90, amma ba ta ce a shiga ba takarda ba. A riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa, da katin allurar shawara. A bi ta ƙofar da hukuma ta sani, ko da yaran ƙauye sun nuna wata 'yar hanya ta cikin gona. Su 'yan wurin ne, ma'aikata sun san fuskarsu. Mai jin Hausa kuwa ya riga ya saba da a tambaye shi daga ina yake, to kada ya ba da ƙofa. Kada a ɗauki hoto a bakin iyaka. A canja kuɗi kaɗan zuwa sefa. Ƙasashen biyu duk hannun dama ake bi, tun da Gana ta canja a watan Agusta na 1974.

Shiri Da Guzuri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, hazon hunturu bai rufe duwatsu ba tukuna. Watan Agusta ma ba laifi, domin akan sami ɗan tsaiko tsakanin damina biyu na kudu. Daga Afrilu zuwa Yuli kuwa hanyoyin birji sukan zama taɓo. A kowane lokaci, a fita bayan sallar asuba, a nemi inuwa kafin rana ta take, a ƙarasa da la'asar. Kada magariba ta sami mai keke a hanya, domin ƙauyuka ba fitilun titi, wasu 'yan acaɓa kuma ba su kunna tasu.

Ba sai keke mai tsada ba. Abin da ake bukata shi ne birki mai kamawa, taya mai ɗan kauri, da giya in da hali. A ɗauki famfo, da kayan faci, da tif guda na ajiya, da sifana, da igiyar birki. A sa hular kwano da riga mai haske. A riƙe goran ruwa biyu, da gyaɗa ko dabino, da gishirin haɗa ruwan zawo, domin gumi yana zuba ƙwarai a hawa. Sauro yana da yawa a kwari, saboda haka gidan sauro ko maganin shafawa ba abin rainawa ba ne. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Uku ko huɗu sun fi, kuma a bar wa na gida sunan garin da za a kwana kowace rana.

Mafi yawan mazauna ƙauyukan dutse Kirista ne, wasu kuma masu bin al'adar gargajiya. Masallaci da naman yanka an fi samunsu a Ho, Kpando, Hohoe da Palime. A ƙauye ana samun ayaba, lemo, abarba, gasasshen rogo, kifi da burodi, sun isa su riƙe mutum. In lokacin salla ya yi a nemi izinin mai gida a shimfiɗa darduma, da wuya a hana. Mu ma sai mu kiyaye nasu: in an ce wannan kurmi ba a shiga, ko wannan rafi ba a wanka, ko yau ba a zuwa gona, a bari. In za a kwana a ƙauyen da ba masauki, a fara kai gaisuwa wurin sarki ko dattijon gari, kamar yadda muke son baƙo ya yi wa sarkin zango.

Kalma huɗu na harshen Ewe suna buɗe ƙofofi da yawa, kuma har a ƙauyukan dutse ana jin su. In an ce maka "Woezo", wato sannu da zuwa, ka ce "Yoo". Gaisuwar safe ita ce "Ndi". Godiya kuma "Akpe". Sau da yawa wanda ka gaisar zai mayar maka da "Sannu" ko "Ina kwana", domin ya taɓa zama a Nima ko Ashaiman, ko ya yi aikin soja, ko shekara da shekaru yana sayen nama wurin mahaucin zango. Daga nan hira ta ɓarke.

Muna kira ga ƙungiyoyin matasa na zangunanmu, da malaman makarantu, da masu hali a cikinmu, su duba wannan al'amari. Kuɗin da ake kashewa a yinin biki ɗaya ya isa ya gyara kekuna biyar ya kuma ciyar da masu su kwana huɗu a hanya. Matashin da ya hau Amedzofe da ƙafarsa, ya sha ruwa a gidan mutumin Avatime, ya zauna gaban dattijon zangon Kpando ya ji yadda aka zo, zai komo da sanin ƙasarsa wanda ba a samu a aji. Waɗanda ya gaisa da su a hanya su ma za su riƙa tuna fuska da suna in an ambaci ɗan zango. Gani ya kori ji. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.